Zafin birnin Tokyo cikin shekara 150: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum jama'a. Duk sanda hira ta kai mu kan ɗumamar yanayi sai kun ji na kawo misalin Tokyo, babban birnin Japan, har wasu abokai da ɗalibaina suka fara tambaya wai me ya haɗa ni da garin nan haka. Abin da ya haɗa mu shi ne rajista. Garin yana da lissafin zafi da sanyi na kowace rana tun 1875, kuma hukumar kula da yanayi ta ƙasar ta zuba lambobin a intanet kyauta, duk mai data zai iya dubawa. Na tattaro tambayoyin da suka fi yawan zuwa min, ga su nan.

Malam, wai tun yaushe aka fara auna zafi a Tokyo, kuma wa ya fara?

A watan Yunin 1875 ne, zamanin Sarki Meiji, lokacin da Japan take ta ɗauko ƙwararru daga Turai suna koya musu aikin zamani. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Joyner, wanda asali aikin safiyo yake yi wa gwamnati, shi ya fara ɗaukar awon a unguwar Akasaka, daga baya 'yan ƙasa suka karɓi aikin. Har gobe ranar 1 ga Yuni ita ce ranar tunawa da aikin yanayi a Japan. Shekara ta farko da aka samu cikakkiya daga Janairu zuwa Disamba ita ce 1876, kuma a cikinta ne ma aka samu sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a garin, digiri 9.2 ƙasa da sifili, ranar 13 ga Janairu. Kun ga kenan shekara kusan 150 ba a sake ganin irinsa ba.

Abin da yake burge ni da rajistar nan shi ne naci. An yi girgizar ƙasa ta 1 ga Satumban 1923 wadda wuta ta biyo bayanta ta cinye yawancin garin har da ginin hukumar yanayin kansa, a daren nan ma'aunin ya haura digiri 40 saboda hucin gobara, amma ma'aikatan ba su saka wannan lambar a matsayin zafin yanayi ba don sun san wuta ce ta kawo shi. An yi yaƙin duniya na biyu, an yi wa garin ruwan bama-bamai a 1945, duk da haka in ka buɗe jadawalin za ka tarar da shekarun nan a jere.

To da nawa zafin ya ƙaru?

Matsakaicin zafin shekara a 1876 digiri 13.6 ne. A 2023 ya kai 17.6. Tazarar digiri 4 kenan, amma kar a riƙe wannan, don ɗauko shekara ɗaya a farko da ɗaya a ƙarshe ba shi ne lissafi ba, wata shekarar takan zo da sanyi wata da zafi. Abin da masana suke yi shi ne su jera shekarun duka su ja layi ta tsakiyarsu su ga yadda layin ya karkata. Hukumar yanayin Japan ta yi wannan da lambobin 1927 zuwa 'yan shekarun nan, ta samu cewa Tokyo tana ƙara zafi da kusan digiri 3.3 a duk shekara 100.

Don ku gane girman abin, duniya gaba ɗayanta ta ƙara wajen digiri 1.1 ne idan aka kwatanta shekarun 2011 zuwa 2020 da shekarun 1850 zuwa 1900.

Digiri 3 har wani abu ne? Ai tsakanin safe da azahar ma ana samun fiye da haka.

Wannan tambayar kusan kowa sai ya yi ta, kuma tana da hujja. Amma matsakaicin shekara daban yake da zafin wuni ɗaya, shi an haɗa dare da rana, hunturu da bazara, kwana 365 duka an raba, to kafin wannan lambar ta motsa da digiri ɗaya sai an sha aiki. Wanda ya taɓa barin Kano ya je Jos ya san yadda garin yake, mutum ya nemi bargo da dare, ana noman dankalin Turawa da kabeji, to duk bambancin nan a matsakaicin shekara bai wuce digiri 4 zuwa 5 ba. Yanzu sai ku ɗauka gari ɗaya ne yana zaune a inda yake bai gusa ko'ina ba, amma daga zamanin kakan kaka zuwa na jika ya yi tafiyar da ta kusa kai wannan.

Ɗumamar duniya ce ta jawo, ko girman garin ne?

Duka biyun ne, ɗaya a kan ɗaya, kuma in akwai abu guda da nake so mai karatu ya tafi da shi to wannan ne. Yadda aka raba su kuwa akwai hikima a ciki. Hukumar ta zaɓi tashoshin awo guda 15 a wuraren da gine-gine ba su mamaye sosai ba kuma suna da tsohuwar rajista, irin su Abashiri da Nemuro can arewa a tsibirin Hokkaido, da Yamagata, da Hikone, da Ishigaki can kudu, da Choshi wadda take bakin teku wajen kilomita 100 gabas da Tokyo. Da aka yi musu lissafi iri ɗaya a shekaru iri ɗaya sai aka ga su ma suna ƙara zafi, amma da wajen digiri 1.6 zuwa 1.7 a shekara 100.

To kun gani. Ƙauye da ƙaramin gari sun ɗumama, wannan rabon kowa ne, hayaƙin da duniya take fitarwa daga gawayi da fetur da gas ne ya kawo shi, iskar kabon da take wajen 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu yanzu ta haura 420. Tokyo ta karɓi nata kason kamar kowa, sannan ta ɗora kusan wani kamarsa daga jikinta. Wato kusan rabi daga sama yake, kusan rabi kuma garin ne ya ƙera wa kansa. Masana suna kiran wannan na biyun tsibirin zafi, saboda in aka zana taswirar zafi sai ka ga garin ya fito ja a tsakiya, kewaye da shi kuma launi mai sanyi, kamar tsibiri a cikin ruwa.

Ni abin da ya sa nake yawan nanata wannan, na sha ganin mutane biyu suna musu, ɗaya ya ce ai duk laifin manyan ƙasashe ne mu ba ruwanmu, ɗaya ya ce ai ɗumamar duniya zance ne kawai, bishiyoyi aka sare. Rajistar Tokyo ta ba kowannensu rabin gaskiya ta hana shi rabi.

Ta yaya gari zai ƙera zafi da kansa?

Ka taɓa jingina da katangar bulo bayan sallar isha'i a watan Afrilu? Rana ta faɗi tun awa biyu da suka wuce amma bayanka sai ya ji ɗumi kamar an ajiye garwashi a cikin bangon. To shi ne gaba ɗaya labarin, sai dai a ninka shi sau miliyoyi. Kwalta da kankare suna shan zafin rana tun safe su adana, in dare ya yi su dinga sakinsa a hankali har asuba. Ƙasa mai ciyawa ko gonar shinkafa ba haka take ba, ita ruwan da ke jikinta ne yake tashi ya zama tururi, kuma tashin nan yana tafiya da zafi, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowar da take yi a jikinta. In ka shafe ƙasa da siminti ka kashe wannan randar kenan, ruwan sama yana sauka sai ya bi kwata ya wuce, ba abin da ya rage da zai sanyaya wurin gobe.

Sai dogayen benaye. Da dare ƙasa tana huce zafinta ne zuwa sararin sama, to titin da benaye suka sa a tsakiya ɗan siririn sama kawai yake gani, zafin ya fita daga wannan bango ya faɗa wancan, yana ta kai da kawo a tsakani. Kuma benayen suna tare iska. Tokyo a bakin teku take, da rana iska mai sanyi takan taso daga ruwa ta shigo gari, amma an jera manyan gine-gine a bakin gaɓar, musamman wajen Shiodome a farkon shekarun 2000, har mutanen garin suka sa musu suna katangar Tokyo.

Na ƙarshe shi ne zafin da mutane suke fitarwa kai tsaye, motoci da jiragen ƙasa da masana'antu da esi. Shi esi ba ya kashe zafi fa, kwashe shi yake daga ɗaki ya watsa waje, duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan injinsa ya san hucin da yake bugowa. Yankin Tokyo da kewayenta mutum wajen miliyan 37 ne, ku lissafa esi nawa ke aiki a dare ɗaya na watan Agusta.

Da rana abin ya fi tsanani ko da dare?

Da dare, nesa ba kusa ba, kuma a hunturu ya fi fitowa. Nan ne mutane suka fi mamaki. Zafin tsakar rana, wato lamba mafi girma ta kowace rana, ya ƙaru da kusan digiri 2 ne a shekara 100. Amma lamba mafi ƙanƙanta, wadda ake samu gab da fitowar rana, ta ƙaru da sama da digiri 4, in kuma asubahin hunturu kaɗai aka ware abin ya doshi digiri 6. Wannan shi ne tambarin tsibirin zafi, duk garin da ka ga darensa yana gudu ya bar ranarsa a baya to ka duba gine-ginensa.

Japanawa suna da sunaye na musamman da suke ƙirga kwanaki da su, kuma ƙirgar ta fi matsakaici shiga kai. Akwai fuyubi, ranar da sanyi ya sauka ƙasa da sifili har ruwa ya daskare. A ƙarshen ƙarni na 19 Tokyo takan samu irin wannan kwana 60 ko fiye a shekara, amma a shekarun 2000 akwai shekarun da za ka ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Akwai kuma nettaiya, daren da zafi bai sauko ƙasa da 25 ba har gari ya waye. Shekara ɗari da suka wuce 'yan ƙalilan ne a shekara, amma a 2010 da 2023 sun haura 50. Ranar 11 ga Agustan 2013 kuwa, tun daga tsakar dare zuwa wani tsakar daren ma'aunin bai sauko ƙasa da 30.4 ba.

Na rana ma ba a bar su a baya ba. A 2023 an yi kwana 90 da zafi ya kai 30 ko fiye, 64 daga ciki a jere ba hutu. Sai a 2007 ne ma hukumar ta ga dole ta shigo da sabuwar kalma, moshobi, don ranar da ta kai 35, saboda irin ranakun sun yi yawan da suna bukatar suna nasu. Zafi mafi girma da tashar tsakiyar garin ta rubuta shi ne 39.5, ranar 20 ga Yulin 2004.

Haba Malam, 35 ai mu a Sakkwato ranar hutu ce. Me ya sa suke kuka?

Gaskiya ne lambar mu ta fi tasu, 42 da 43 ba baƙo ba ne a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu. Bambancin yana wajen laima. Namu zafin bazarar busasshe ne, gumi yana fitowa iska tana shanye shi, jiki yana samun sauƙi in dai akwai inuwa da ruwan sha. Nasu yana zuwa ne a Yuli da Agusta bayan ruwan sama, iska cike da danshin teku, laima takan wuce kashi 70 cikin ɗari, gumi ya fito ya tsaya a jiki ya ƙi bushewa. Ku tuna irin kwanakin nan na gab da faɗuwar damina, hadari ya haɗu ya ƙi zubowa, iska ta tsaya cak, riga ta manne a baya, fanka tana juyawa amma kamar ba ta yi. To irin wannan ne, sati bayan sati. Shi ya sa gargaɗin da gwamnatinsu take fitarwa a duk faɗin ƙasar tun 2021 ba da digiri kaɗai take lissafa shi ba, ana haɗa zafi da laima da ƙarfin hasken rana a lamba ɗaya.

An ce an sha canja wa ma'aunin wuri. To ya za a yarda da lambobin?

Tambaya mai kyau, kuma duk mai son karanta rajistar kowane gari ya fara da ita. Eh an canja. Daga Akasaka an koma cikin harabar tsohuwar fadar Edo (tsohon sunan Tokyo kenan) a 1882, an sake matsawa a 1923, sannan aka koma Otemachi a 1964, unguwar manyan ofisoshi da bankuna. Na baya-bayan nan shi ne ranar 2 ga Disamban 2014, da aka ɗauke awon daga Otemachi aka kai lambun Kitanomaru, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba, wajen mita 900.

Abin da suka yi kafin su tashi shi ne ya sa nake girmama aikinsu. Sun kafa na'ura a sabon wurin suka bar tsohuwar tana aiki, aka yi fiye da shekara biyu ana auna wuri biyun a lokaci ɗaya. Sakamakon: lambun ya fi Otemachi sanyi da wajen digiri 0.9 a matsakaicin shekara, a awon asuba kuma da wajen 1.4, alhali zafin tsakar rana kusan ɗaya ne. Mita 900 kacal, gari ɗaya, sama ɗaya, bambancin kawai nan bishiyoyi da ciyawa, can kwalta da benaye. Wallahi ban san wata hujja da ta fi wannan nuna aikin bishiya a cikin gari ba. Da wannan bambancin ne suke gyara lissafi in za su ja dogon layi, don kar mutum ya ga lamba ta faɗo a 2015 ya ce ai Tokyo ta fara sanyi. Kuma ku lura, 17.6 ɗin nan na 2023 a wuri mai sanyin aka same shi.

Kayan awon ma sun canja. Da farin akwatin katako ne mai tagogi kamar na kejin tantabara, da ma'aunin gilashi a ciki mutum yana zuwa yana karantawa, yanzu na'urar lantarki ce a cikin bututu mai ƙaramar fanka. Abin da bai canja ba shi ne ƙa'idar, a inuwa, a kan ciyawa, mita ɗaya da rabi daga ƙasa.

Kowace shekara sai ta fi ta baya zafi kenan?

A'a. Hawan kamar na mai hawa dutse ne, ya hau ya ɗan gangara ya sake hawa. A 1993 lokacin zafin Japan ya zo da sanyi da yawan ruwa, shekara biyu bayan dutsen Pinatubo na Filifin ya yi aman wuta a 1991 ya watsa ƙura a sama ta rage hasken rana a duniya. Shinkafa ta ƙi yi, har ƙasar da take alfahari da shinkafarta sai da ta sayo daga Tailan da Sin da Amurka. Shekarar da ta biyo baya, 1994, sai ga zafi mai tsanani. Saboda irin wannan ne ƙa'idar hukumar yanayi ta duniya ta ce sai an haɗa shekara 30 kafin a ce ga yanayin wuri. Na Tokyo na yanzu, 1991 zuwa 2020, shi ne 15.8 a shekara, Janairu 5.4, Agusta 26.9.

Kafin a ƙirƙiro ma'auni fa, akwai yadda za a san yanayin da?

Akwai, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka fi ba ni sha'awa, ko da yake Kyoto ya fi shafa, tsohon babban birnin ƙasar. Suna da wata bishiya, sakura, wadda take yin fure sau ɗaya a shekara in sanyi ya fara ja da baya, kuma tun fil azal sarakuna da fadawa da masu ibada suna shirya biki ranar da furen ya cika, suna rubutawa a littattafan ajiyar tarihinsu. Wani malamin jami'a a Osaka, Yasuyuki Aono, ya bi tsofaffin rubuce-rubucen nan ya tattara ranakun tun daga shekara ta 812. Ɗaruruwan shekaru ranar tana yawo ne a wajen tsakiyar Afrilu, daga ƙarni na 19 sai ta fara zuwa da wuri, a 2021 furen ya cika ranar 26 ga Maris, wanda a lokacin ba a taɓa ganin saurin haka ba cikin shekara 1,200.

A Tokyo kuma akwai bishiya guda ɗaya a wurin bauta na Yasukuni da ma'aikatan hukumar suke zuwa dubawa, 'yan jarida na biye da su da kyamara, in suka ƙirga fure biyar ko shida sun buɗe sai a sanar cewa lokaci ya yi. A 2020 da 2021 da 2023 ranar 14 ga Maris aka sanar, mafi sauri a tarihin awon. A 2024 kuma sai 29 ga Maris, kun ga gangarowar da na faɗa ɗazu.

In dai birane suna ƙara wa kansu zafi, ashe lissafin ɗumamar duniya ma kumbura shi aka yi?

Ba haka ba ne. Ita Japan kanta in za ta faɗi ɗumamar ƙasarta ba ta saka Tokyo a lissafin, da tashoshi 15 ɗin nan take amfani, amma a wannan lissafin daga 1898 ake farawa, ba daga 1927 ba, shi ya sa suke ba da wajen digiri 1.3 zuwa 1.4 a shekara 100. Sannan fiye da kashi 70 cikin ɗari na doron duniya teku ne, ba kwalta ba bene, kuma shi ma yana ɗumama.

Me wannan zafin yake yi wa mutanen garin, kuma me suke yi a kai?

Yana kisa, musamman tsofaffi. A 2018, shekarar da garin Kumagaya da ke arewa da Tokyo ya kai 41.1 ranar 23 ga Yuli, mutum wajen 95,000 motar asibiti ta ɗauka a faɗin Japan tsakanin Mayu da Satumba saboda bugun zafi. Abin tausayin shi ne yawancin waɗanda suke rasuwa a Tokyo a cikin ɗaki ake samunsu, dattijo ko dattijuwa mai zaman kaɗaici, ko babu esi ko akwai amma ba a kunna ba. Mutum ne da ya girma a lokacin da buɗe taga ya isa a yi barci, jikinsa da al'adarsa suna tare da tsohon garin, daren kuma ya riga ya canja.

Ko wasanni abin ya taɓa. Gasar Olamfik ta 1964 a watan Oktoba Tokyo ta yi ta. Wadda aka yi a 2021 ta faɗo a Yuli da Agusta, dole aka ɗauke gudun fanfalaki aka kai Sapporo, sama da kilomita 800 arewa, can ɗin ma sai da aka matso da na mata zuwa ƙarfe 6 na safe.

Ta ɓangaren magani, tun 2001 gwamnatin birnin ta wajabta wa sababbin manyan gine-gine su shuka tsirrai a wani kaso na rufinsu. Ana shafa wa wasu tituna abin da ke mayar da hasken rana, wasu kuma ana yin su da kwalta mai riƙe ruwa. A 2005 aka fito da tsarin Cool Biz, ma'aikata su ajiye kwat da naktaye a lokacin zafi don a rage ƙarfin esi a ofis, ministar muhalli ta lokacin Yuriko Koike ce ta jagoranta, wadda daga baya ta zama gwamnar Tokyo. Sun kuma farfaɗo da tsohuwar al'adarsu ta uchimizu, yayyafa ruwa a ƙofar gida da yamma, abin da iyayenmu mata suke yi a tsakar gida kafin a shimfiɗa tabarma. Duk waɗannan rabin da gari ya ƙera suke ragewa, ɗaya rabin sai duniya ta rage hayaƙi.

Mu nan me ya shafe mu da wannan?

Yadda kankare yake riƙe zafi a Tokyo haka yake riƙewa a Kano. Gidan da na tashi a ciki na ƙasa ne, soro da azara, bango mai kauri, da azahar in ka shiga ɗaki sai ka ji kamar ka shiga rijiya don sanyi, ga darbejiya a ƙofar gida, ga kududdufi a bayan layi. Yau unguwar bulo ce da kwano, an cike kududdufin an yi shaguna, tsakar gida an shafe da siminti, darbejiyar an sare don a samu wurin ajiye mota. A watan Afrilu ƙarfe biyun dare za ka ji yara suna kuka a gidaje, mutane sun fito da katifa waje, simintin da suka kwanta a kai ma ɗumi yake. Wannan ai shi ne abin da jadawalin Tokyo ya nuna da lambobi, dare ne yake fara lalacewa.

Akwai kuma darasin wurin awo. Da yawa daga cikin tashoshin NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, a filayen jirgin sama suke, kamar na Malam Aminu Kano, wanda a da yake bayan gari yanzu kuma gari ya zagaye shi. Don haka duk ɗalibin da zai yi bincike kan zafin Kano ko Kaduna ko Zinder, ya nemi tarihin tashar tukuna, ya raba awon rana da na asuba kar ya tsaya a matsakaici, sannan ya samo wata tasha ta ƙaramin gari ya kwatanta.

Ni ma zan iya ajiye irin wannan rajistar a gida?

Sosai ma. Ka samu ƙaramin ma'auni na dijital mai nuna lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta ta rana, ana samu a shagunan kayan asibiti da na kayan kiwon kaji. Ka rataye shi a inuwa inda iska ke wucewa, kamar tsayin ƙirjinka daga ƙasa, nesa da bango da kwano da janareta da murhu. Kullum bayan sallar asuba ka rubuta lambobin biyu a littafi da kwanan wata, ka goge na jiya a na'urar. In ka canja masa wuri, ko aka sare bishiyar da ke kusa, ko maƙwabci ya ta da bene, ka rubuta ranar a gefen shafi. In kana da ɗan'uwa a ƙauye ka saya masa irin naka sak, ku dinga tura wa juna lambar asuba ta WhatsApp, daga watan Maris zuwa faɗuwar damina.